Ranar da Gidan Daso Ya Tashi

Daso tana zura zare a allura lokacin da gidanta ya yi gurnani ya fara tafiya.

Gidan mota ne, irin wanda Amurkawa ke kira RV: gado a baya, ɗan kicin a tsakiya, kujerar direba a gaba, bayan wani labule mai kauri. Mijinta Ma'aruf, baban ɗansu Uwaisu, shi ne ya sa suka saki gidan hayarsu na Gate City Boulevard suka saye shi, da alkawarin zai zaga da ita Amurka. Tun daga lokacin motar tana fake a bayan gidan abokinsa a McLeansville, har ciyawa ta rufe tayoyin. Kowace safiya yakan tayar da injin don kada batir ya mutu, ya fita miƙe ƙafa, ya dawo ya kashe.

Ita kuwa kwilt take ɗinkawa, bargon hannu da wata tsohuwa mai suna Zipporah ta koya mata a East Greensboro: ƙyallayen atamfa a sama, auduga a tsakiya, shafi a ƙasa, allura ta ratsa duka ukun. Niyyarta duk inda suka je ta zana wurin da zare a ƙyalle guda. Ya zuwa yanzu ta zana akurkin kajin maƙwabci, da turken wutar lantarki, da akurkin kuma ta wani ɓangaren.

Ƙyallaye kaɗan suka rage. Ta riga ta gaya wa yayarta Rahama ta gyara mata ɗaki, domin ranar da ta ƙulle zaren ƙarshe motar ba ta motsa ba, auren ya ƙare. Ma'aruf ya sani. Shi ya sa suke gaba, labule a ja.

Gabar Daso tana da tsari. Ba ta kallonsa, ba ta kiran sunansa, kuma ba ta ɓata Hausarta a kansa. In magana ta ci ta, sai ta yi wa bargon habaici da Turanci, da murya mai ratsa labule.

Motar ta fizga ta hau titi, allura ta soke ta a yatsa. Ta shaida wa bargon cewa wasu mutane ba su san akwai mai ɗinki a baya ba, kuma in aka sa ta buɗe labulen nan yau, da almakashi a hannunta za ta buɗe. Ta datsa almakashin a iska sau biyu.

Sannan motar ta rage gudu, ta koma tafiya kamar an ɗauko ƙwai.

Wayarta ta yi ƙara. Sunan Ma'aruf. Mutum yana bayan labule amma girman kai ya hana shi buɗe baki, sai kira a waya. Ta kashe ta gaba ɗaya ta tura ƙarƙashin filo.

Ta gwada shi. Ta ce wa bargon matan wasu sun ga dutsen Pilot Mountain da idonsu. A mararraba ta gaba motar ta juya arewa. Kafin azahar ga dutsen a tagarta, da ƙaton dunƙule a kansa kamar an kifa tukunya. Ta yi ƙorafin cewa ba a zana dutse mota tana gudu, sai motar ta tsaya a gefen hanya, cikin daji. Ta ɗaure ƙyallen a zoben katako, ta bi siffar dutsen da baƙin zare, ɗinki ƙanana, daidai da juna. Ba wanda ya ce ta yi sauri.

Wannan ya taɓa ta. Ma'aruf ɗin da ta sani bai taɓa barin wani ya yi maganar ƙarshe ba.

Ta zuba dambun nama a faranti, ta barbaɗa yaji, ta tura ta ƙasan labule da ƙafa. Aka ja farantin a hankali. Can ta ji tari, doguwar sarƙewa, har da bugun ƙirji. Farantin ya dawo a suɗe.

Ta nemi kogi, aka kai ta kogi. Ta nemi gonar inabi da ta taɓa gani a hoto, aka yi ta yawo a ƙananan hanyoyi har aka samo. Ta yi sallah, ta yi habaicin masu jinkirta tasu, ta ji an yi ajiyar zuciya mai nauyi a gaba. Ta ɗauka nadama ce.

Da la'asar ta ƙulle zaren ƙarshe. Ta shafa bargon, ta ga dutse da kogi da layukan inabi, ta ji fushinta ya zube. Ta ce wasu mutane sun yi ƙoƙari yau, kuma McLeansville ba ta da nisa ga wanda ya san hanya.

Ya ɓata sau biyu kafin ya gano. Motar ta tsaya a bakin layinsu, ba a wurin da ta saba ba. Ƙofar direba ta buɗe, aka dira da gudu.

Daso ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. Jim kaɗan ƙofar gefe ta buɗe, ga Ma'aruf yana haki, idanunsa jajir. Ta yafa masa bargon a kafaɗa, ta yi masa Hausa karon farko tun da aka ja labule.

“Na yafe maka, Baban Uwaisu. Ban san ka iya haƙuri haka ba.”

Ya dube ta daga sama har ƙasa.

“Daso, ɓarawon da ya gudu da motar tun safe, bai yi miki komai ba?”