Bolar Bayan Kasuwa

Da tifa ta tsaya bayan kasuwar Wurma, direba ya leƙo ya ce, "Hajiya, ina bolar?"

Shugabar ƙungiyar mata ta saki baki. Shekara biyu tana zarya kafin su sami tallafi daga harajin shara, don a kwashe tsibin a dasa itatuwa. Kwana uku kacal ta yi a Dutsin-Ma neman mota, yau ga jami'in tallafi ya zo ganin aiki, ga fili fetal. In babu aiki, tallafin komawa zai yi.

Sai ga tsohon da ya fi kowa tsine wa bolar, yana kora jaki, mangala cike da baƙar ƙasa.

Hajiya ta ce, "Baba, ina za ka da ita?"

"Gona mana! Da mai shela ya ce zubarwa za a yi, duk manoma muka fito. Takin shekara ashirin a ba daji?"

Jami'in ya tuntsire da dariya. "To, kuɗin kwasa sai a ƙaro dashe da su."

"Baba, ba kai ke kukan wari ba?" in ji Hajiya.

"A ƙofar gida ne wari, 'yata. A gona turare ne."