Tulun Pang da Tulun Deshan

"Wannan ai tsami ne zalla," in ji Tsoho Pang, ya ture kofin. "Deshan, giyar inabi ka haɗa ko ruwan wankin kabeji?"

"Taka fa? Ka zabga sukari kamar mai yi wa jika alewa!"

Guilan, matar Deshan, ta sauke ajiyar zuciya. Duk kaka haka maƙwabtan nan biyu suke yi a garin Tonghua. Kowa ya kawo tulun jar giyar da ya haɗa da inabin dutse, su wuni suna kushe juna. Ita ce wanke kofuna, ita ce girki, ga ciwon baya. Bana kam ta gaji.

"Ku ba ni in raba gardamar nan, kowa ya huta."

Ta kurɓi ta mijinta, ta kurɓi ta Pang, ta sake kurɓa. Babu bambanci ko kaɗan. Ta jira har Pang ya tashi ya zaga bayi, sannan ta juya ga mijinta.

"Tsoho, giya ɗaya ce a tulunan nan."

Deshan ya rage murya. "Matarsa ce mai haɗa masa. Tun da ta rasu, tasa lalacewa take yi. Ni nake cika masa tulu ta ƙofar baya."

"Ya sani, kuma yake zagin taka?"

"Ni na roƙe shi. In ya yaba, godiya zai yi ya koma gida ya zauna shi kaɗai. In ya kushe, muna nan har magariba."

Pang ya dawo yana goge hannu. "To, Yaya Guilan, wa ya ci?"

Ta dube shi, ta tattara kofunan.

"Duk biyun ba su yi ba. Gobe ka dawo a sake."