Sawu a Ƙarƙashin Yashi

Ranar da motoci suka fara jibge duwatsu a bakin teku, kowa ya yi murna ban da ita.

"Hajiya, ke da teku ya cinye wa gida, ke ce mai ɓata rai?" in ji maƙwabciyarta. "Ko da kifi kike son kwana?"

"Ke dai je ki duba gurasarki, tana ƙonewa."

Ta san halin ruwan nan. Da sanyi igiyoyin ruwa kan zo a fusace su kwashe yashi, da zafi su lallaɓo su mayar. Shekara ashirin ke nan, duk sanyi sai daɓen ƙofar tsohon gidanta ya fito na kwana uku. Yanzu duwatsun za su tare igiyoyin, yashi ya zauna har abada. Fitowar bana ce ta ƙarshe.

Ta sallame la'asar, ta sauka da tsintsiya, ta share daɓen, ta durƙusa. Ga sawun nan ɗan mitsitsi a jikin siminti. Ranar da 'yarta ta taka shi ɗanye bayan ta hana ta, har dukanta ta yi.

"Allah ya jiƙanki," ta ce. "Gara da ba ki ji maganata ba."