Rahoton Taron Jibi

Tun da hukuma ta tilasta wa ƙungiyoyi shafin intanet mai rubuta kansa, Malam Ɗanlami, sakataren manoman albasa, ya ajiye biro. Ran Talata ya buɗe shafin a wayarsa, sai ga rahoton taron jibi Alhamis, wai kowa ya amince a sayar da rumbun ƙungiya.

Ya tare shugabansu, Alhaji Barau, a bakin kasuwa. "Alhaji, wa ya sa wannan? Ni fa ban yarda ba, kuma zan faɗa a taron!"

Alhaji Barau bai ko kalli wayar ba. "Ai ba ka halarta ba, Malam. Duba ƙasa."

Layin ƙarshe ya ce an rufe taro da yi wa sakatare addu'ar samun sauƙi. Shi kuwa ko ciwon kai ba ya yi.