Fulin Baba

Baba, tsohon bakanike, ya ɗaure notin sabon fulin da ke hana inji girgiza, ya yar da tsohon mai tsagaggiyar roba. Gobe autarsa za ta yi doguwar tafiya, ya rantse ba mai taɓa motarta sai shi.

Kunnensa ya yi nauyi, da tafin hannu yake sauraron inji. Ya ɗora, ya ɓata rai.

"Har yanzu yana rawa! Jabu suka sayar mini. Miƙo sifana in kwance shi."

Auta ta ɗaga makulli tana danne dariya. "Baba, ai ban tayar ba tukuna."

Ya daɗe yana kallon hannunsa.

"Ashe nawa fulin ne ya gaji. Tambayo ko suna da na ɗan shekara saba'in."