Kwana Uku Kafin Sallama

"Nan da kwana uku za mu sallame shi," in ji likitan asibitin soja, yana murmushi. "Ciwon ya kusa kamewa."

Da zarar an sallami maigidana, Saliyo za a mayar da shi, inda harsashi ya huda masa cinya. Rediyo na ta cewa sabuwar gwamnatin farar hula za ta dawo da sojoji gida, amma ba wanda ya faɗi rana.

Washegari na kai masa abinci daga gidanmu a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi. Ya ja labule, ya warware bandejin.

"Kin zo da ita?"

Na ɗaga kwanon tuwo. Rezar tana ƙarƙashi.