Reshen da Ya Sha Ruwan Alwala

Ke da kika hana jaririnki sakat da jiƙe-jiƙe da ɗure don kawai bai yi kumatu ba, ajiye cokalin nan ki ji misalin wata mata. Mijinta ya rasu, aka raba gado, gidan ya faɗa hannun wani ɗan kasuwa. A tsakar gidan akwai bishiyar faranjifani, mai farin furen nan mai ƙamshi da ɗan rawaya a tsakiya, wadda marigayin ya dasa da hannunsa shekarar da ta tare. Ranar da take kwashe kayanta masu gatari har sun iso. Da ƙyar ta tsira da reshe guda, bai fi kamu ɗaya ba, yana ɗigar farin ruwa kamar nono. Ta naɗe shi a gefen mayafi ta tafi da shi gidan yayanta, don duk cikin gadon nan shi ne abin da ta fi jin nata ne. Wani tsoho mai lambu a unguwar ya jujjuya reshen ya ce, "Baiwar Allah, jingine shi a inuwa sai bakin yankan ya bushe. Sannan ki soka shi a rairayi ki manta da shi. Wannan icen, ƙishi ba ya kashe shi." Ta ce to. Amma to ɗin a leɓe ya tsaya.

Da gari ya waye ta ga ganyen ya yi yaushi, sai tsoro ya kama ta. Haba, wane irin mai rai ne za a yanke shi kuma a bar shi da ƙishi? Ai tsohon nan bai san darajar reshen ba, shi nasa lambun cike yake. Ta samo tsohon bokiti marar huji, ta cika shi da baƙar ƙasa da kashin awaki, ta soka reshen da ɗanyen yankansa. Kuma sai ta mai da gindinsa wurin alwalarta, tana ganin ruwan da ya taɓa gaɓoɓin mai salla ba zai rasa albarka ba. Asuba ya sha, azahar ya sha, la'asar ya sha, abin da ya rage a buta ma ta tuttule masa. Ganye ya zube, tsoro ya ƙaru, ruwa ya ƙaru. In hankalinta ya ƙi kwanciya sai ta zare shi ta duba ko saiwa ta fito, ta mayar, gobe ta sake zarewa. Wallahi ko ƙarfe ne ya gaji! Wata safiya ta kama shi za ta zare, yatsunta suka nutse a ciki kamar ruɓaɓɓiyar doya, wani baƙin ruwa mai wari ya biyo hannunta. Ko takalmi ba ta tsaya saka daidai ba, ta nufi tsohon gidansu ko kututturen ya yi toho ta samu wani reshen. Ta tarar an tone shi har saiwa, an malala siminti a wurin, magina na jera bulon shago. Nan ta tsaya a bakin ƙofa tana kuka, cikin maginan babu wanda ya san ta balle ya tambaye ta.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman ƙiba an samo rama.